Wayar Sensar Salansa: Jijiyar Da Muke Ɗaurewa Da Baƙin Tef

A jikin kusan kowace motar fetur da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da fulogi, wanda aka ɗaura a jikin salansa kusa da inda hayaƙi ke fitowa daga inji. Makanikai na ce masa sensa. Wayoyi ne sirara, galibi guda huɗu, suka haɗa shi da ƙwaƙwalwar mota, wato akwatin nan na lantarki mai yanke shawarar yawan man da za a fesa wa inji. Waɗannan wayoyi suna yawan tsinkewa a ƙasarmu, kuma yadda muke yi da su idan sun tsinke shi ne abin da ya dame ni. Ko dai a murɗe su da yatsa a naɗe da baƙin tef, ko a datse su gaba ɗaya a cusa ragowar a wani lungu, ko kuwa a buɗe dashbod a cire ƙwan fitilar da ke kai ƙara. Ra'ayina shi ne duk ukun nan ɓarna ce, kuma asarar ba ta tsaya a kan mai mota kaɗai ba. Tana kaiwa ga mai tallan kifi a bakin gadar Wudil da yaron da ke bin motoci da ruwan leda.

Mai karatu zai ce me ya haɗa malamin ilmin halittu da salansa. To, oksijin ne ya haɗa mu, domin matsalar da injiniyoyi suka warware da sensa, jikin ɗan Adam ya daɗe da warware irinta.

A wuyan kowannenmu, dama da hagu, akwai babbar jijiyar jini da ke kai jini ƙwaƙwalwa. A daidai inda ta rabu gida biyu akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar shinkafa ba, ana kiransa ƙullutun karotid. Aikinsa ɗanɗana jinin da ke wucewa, ya ji ko oksijin ya ragu. Da zarar ya ragu sai ya aika saƙo ta wata siririyar jijiya zuwa ga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, mutum ya shiga shaƙar iska da sauri ba tare da ya yi niyya ba. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Corneille Heymans, shi ya bayyana wannan aiki, har ya sami lambar Nobel ta shekarar 1938 a kansa. (Ashe ba tsofaffin injuna kawai muka samu daga Beljiyam ba.) A tsakiyar ƙarni na 20 wasu likitoci a Japan da Amurka sun riƙa cire wannan ƙullutu ga masu ciwon asma, don su daina jin shaƙewa. Daga baya aka watsar da aikin. Wanda aka cire wa duka biyun yana rayuwa, yana tafiya, yana cin abinci, amma idan oksijin ya yi ƙasa a jininsa jikinsa ba ya ƙara numfashi yadda ya kamata. Haka motar da aka datse wa wayar sensa take: tana tashi, tana gudu, sai dai ba ta san halin da take ciki ba.

Bari mu duba yadda sensar ke aiki, don a nan ne dalilin gyaran ƙwarai yake.

Inji ba ya ƙona fetur sai da iska, kuma kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Domin fetur ya ƙone ƙurmus ana bukatar iska mai nauyin giram 14.7 ga kowane giram ɗaya na fetur. Idan mai ya yi yawa oksijin ba zai isa ba, sai a sami ƙonewa rabi da rabi. Idan iska ta yi yawa sai inji ya yi zafi kuma ya yi rauni. A zamanin kafireta, kamar a tsohuwar Peugeot 504, kunnen bakanike da sukudirebansa ne ke daidaita wannan awo, kuma da zarar mota ta bar gareji awon ya fara kaucewa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera sensar da ta kawo ƙarshen wannan kame-kame, aka fara sa ta a motocin Volvo a shekarar 1976, saboda tsauraran dokokin hayaƙi na jihar Kalifoniya ta Amurka.

A cikin sensar akwai wani ɗan tangaran da aka yi da sinadarin zakoniya, an shafe shi da filatinam ciki da waje. Fuska ɗaya tana fuskantar hayaƙin salansa, ɗayar kuma tana fuskantar iska mai tsabta ta waje. Idan tangaran ɗin ya yi zafi ya haura maki 300 a ma'aunin Salsiyos, oksijin kan ratsa shi daga inda yake da yawa zuwa inda yake kaɗan, kuma wannan ratsawa ita ke haifar da 'yar wutar lantarki. Masanin kimiyyar Jamus Walther Nernst ne ya tsara lissafin wannan al'amari, kuma abin ban sha'awa, da lissafin nasa ɗin dai muke koya wa ɗalibai yadda jijiyoyin jikin mutum ke samar da tasu wutar. Idan mai ya yi yawa sensa kan ba da kusan bolt 0.9. Idan iska ce ta yi yawa sai ta sauka kusan bolt 0.1. Ƙwaƙwalwar mota tana sauraron wannan hawa da sauka, tana rage mai tana ƙarawa, kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, muddin inji na aiki. Sababbin motoci suna da wata irin sensa mai awo da ya fi wannan zurfi, amma manufar ɗaya ce.

Daga cikin wayoyi huɗun nan, biyu na ɗauke da wannan saƙo, biyu kuma na kai wutar batir ga wani ɗan murhu da ke cikin sensar don ta yi zafi da wuri. Mai karatu ya lura da bambancin: batir bolt 12 ne, saƙon kuwa bai kai bolt ɗaya ba. Wanda ya saba da wayar fitila ko ta oda, inda ko an haɗa ta a karkace fitila za ta kama, shi ne ke ɗaukar wayar sensa da wasa.

Abin da ke tsinka ta a nan ba ɓoyayye ba ne. Akwai tudun rage gudu da ramukan titi da ke dukan cikin mota. Akwai hanyoyin ƙauye masu yashi da kututture, waɗanda motocin haya ke bi da lodin da ya danne su har ƙasa, musamman ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci. Akwai mai walda da ya sauke salansa ya bar ta tana reto a jikin wayar. Akwai wanda ya sauya inji bai mayar da 'yan maƙalan da ke riƙe waya nesa da zafi ba. Sai kuma ɓera, wanda bai kamata a ga laifinsa da yawa ba, domin haƙoransa na gaba ba su daina tsiro har ya mutu, dole ya yi ta gurguran abu mai tauri. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko shagon hatsi tana cikin haɗari.

To, me ke faruwa idan aka murɗe waya aka naɗe da tef? Kwana biyu komi lafiya. Daga nan zafin salansa ya narkar da danƙon tef ɗin, girgizar inji ta sassauta murɗin, damina ta zo ruwa da laka su shiga, tsatsa ta kama. Saƙo ya riƙa zuwa yana yankewa. Mafi muni shi ne idan tsirarar wayar saƙo ta taɓa ƙarfen mota: wutar sai ta faɗi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka iska ce ta yi yawa, ta dinga ƙara mai har iyakar ikonta. Idan kuwa ta gane saƙon ƙarya ne, ko babu shi sam, sai ta kunna fitilar gargaɗi ta koma aiki da wani awo na ko-ta-kwana da aka rubuta mata tun daga masana'anta, wanda galibi ya karkata ga yawan mai don kare inji. Ta kowace fuska dai fetur ne ke tafiya a banza. Fulogi ya yi baƙi, ɗanyen mai ya gangara ya tsinka baƙin mai, inji ya tsufa da wuri.

Akwai kuma wanda zai ce shi ba ya aikin ha'inci, da dalma yake liƙe waya. A wayoyin tagulla na ɓangaren mota wannan ba laifi. Amma a guntun wayar da ta fito daga jikin sensar kanta, liƙi da dalma kuskure ne, kuma dalilin abin mamaki ne. Na ce fuska ɗaya ta tangaran ɗin tana bukatar iska mai tsabta. A sensoci da yawa wannan iska ta cikin wayar take shiga, tana bin 'yan ƙananan gurabun da ke tsakanin siraran zarurrukan ƙarfe. Wato dai sensar da wayarta take numfashi. Dalma kan toshe wannan hanya, haka ma giris ko man feshi da aka ɗura a soket. Bugu da ƙari, zarurrukan nan ba tagulla zalla ba ne, ƙarfe ne mai jure zafi wanda dalma ba ta kama shi sosai. Shi ya sa Bosch ke sayar da sensocinsa na gama-gari tare da abin haɗi na matsewa, wasu kamfanonin ƙera motoci kuma suka hana gyara wannan guntun wayar kwata-kwata, suka ce a sauya sensar.

Gyaran ƙwarai ba shi da tsada kuma ba ya cin awa guda. A bari salansa ta huce, a zare soket. A gano inda waya ta tsinke, a kuma gano abin da ya tsinka ta, in ba haka ba gobe ma a dawo. Idan a gindin sensa ne, inda babu wurin kamawa, to sai sabuwa. Idan da sauran tsawo, a yanke ɓangaren da ya ƙone, a fere bakin wayoyin, a zura su cikin ɗan bututun ƙarfe na haɗi a matse da filayar da aka yi don haka, sannan a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Kada mahaɗan huɗu su taru wuri ɗaya, a jera su gaba da baya don kada su gogi juna. A bi launi da hankali, domin kowane kamfani da nasa tsarin: a sensar Bosch mai waya huɗu baƙa ce ta saƙo, mai ruwan toka abokiyarta, farare biyun na murhu, a ta Denso kuwa, wadda ta fi yawa a motocin Japan, shuɗiya ce ta saƙo, fara abokiyarta, baƙaƙe biyun na murhu. Wanda ya haddace tsarin ɗaya ya yi aiki da shi a kan ɗayan zai tura wutar batir inda ba ta da hurumi, kuma yana iya ƙona sensar ko ƙwaƙwalwar motar. Daga ƙarshe a duba fiyus, a maƙale wayar nesa da salansa, a ɗora na'urar duba mota a goge lambar laifi, a ga saƙon yana hawa da sauka. Tun daga 1996 Amurka ta wajabta soket iri ɗaya na wannan duba a kowace mota, shi ya sa na'ura ɗaya ke karanta yawancin motocin da muke sayowa ta Kwatano. Lamba P0135, alal misali, tana nuna matsala a layin murhun sensa ta gaba, kuma sau da yawa waya ce ko fiyus, alhali sensar lafiyarta ƙalau.

Na san hujjar direba, kuma ba ta wasa ba ce. Zai ce motarsa tana tashi bugu ɗaya, tana kai shi Gaya da Azare ta dawo, kuɗin da ke hannunsa na balas ne da cefane. Zai ce sabuwar sensa ta asali tana da tsada, ta kasuwa kuma ba ka san jabu da ta gaskiya ba. Duk gaskiya ne. Amma mu yi lissafi na misali. Daga Kano zuwa Wudil kilomita 40 ne da ɗoriya, zuwa da dawowa mu ce 80. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 8. Mu ƙaddara lalacewar sensa ta ƙara mata kashi 15 cikin ɗari kawai: lita ɗaya da ɗigo biyu ke nan a kowane sawu. Ma'aikacin da ke zuwa kwana 20 a wata ya zubar da lita 24, mai Golf ko Sharan da ke sawu uku a yini kuwa ya ninka. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka janye tallafin mai, ana iya kau da kai ga wannan. Yanzu kowa ya ninka lita 24 da farashin gidan man unguwarsu, ya kwatanta da kuɗin 'yan bututun ƙarfe huɗu da ladan mai wayarin.

Sai dai aljihu ba shi ne babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Man da bai ƙone sosai ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai himogulobin, mai dakon oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kabon monoksaid tana kama shi da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma idan ta kama ba ta saki da wuri. Ƙullutun karotid ɗin da na ambata ma ba ya farga da ita sosai, domin oksijin da ya narke a ruwan jini yake aunawa, shi kuwa bai ragu ba. Saboda haka mutum ba ya jin shaƙewa. Ciwon kai yake ji, da jiri, da kasala, waɗanda a wurinmu rana ko zazzaɓin cizon sauro ake ɗora wa. Iskar nan ce dai ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida. A fili ba ta taruwa har ta kashe nan take, amma wanda ke wuni a tasha ko a cunkoson bakin gada yana shaƙarta kullum, tare da tururin ɗanyen fetur mai ɗauke da benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo kansar jini. Yara sun fi kusa da bakin salansa saboda gajartarsu, kuma sun fi manya saurin numfashi. Jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe wannan iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019.

Za a ce manyan motocin da ke bin hanyar Maiduguri su ne ke turnuƙe Wudil da baƙin hayaƙi. Haka ne, kuma toka-tokar dizal babbar cuta ce ga huhu. Amma kabon monoksaid ta fi fitowa daga injin fetur mai shan mai fiye da kima, kuma ƙaramar motar da ba a ganin hayaƙinta tana iya fin tirela fitar da ita.

Wannan ya kawo mu ga abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙi mai kama da saƙar zuma da ke cikin tukunyar salansa. An shafe ta da filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma tana iya kawar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na gubar hayaƙi, amma sai idan awon mai da iska yana daidai, wato sai da sensa mai aiki. Idan ɗanyen mai ya yi ta kwarara cikinta sai ta yi zafi ta narke ta toshe, mota ta daina ja. Daga nan a ce wa mai mota indomi ba ta dace da ƙasarmu ba, a fasa a cire, wani ya saye ta saboda ƙarafan nan masu daraja. A dā akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin fetur mai dalma yana kashe matata da sensa duka. Amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da shi tun farkon 2006, duniya baki ɗaya kuma a 2021. Sau da yawa matatar da aka yanke wa hukunci wayar da aka naɗe da tef wata shida baya ce ta kashe ta.

Game da cire ƙwan fitilar gargaɗi kuwa, misalin kuturta ya isa. Ƙwayar cutar jijiyoyi take lalatawa, sai hannu da ƙafa su daina jin zafi. Ƙaya ta soki mutum bai sani ba, wuta ta ƙona shi bai janye ba, rauni ya ruɓe, a haka yatsu ke tafiya. Fitilar nan ba ta sensa kaɗai ba ce. Wanda ya kashe ta ya kashe gargaɗin duk wata matsalar inji da za ta biyo baya, shi da duk wanda zai sayi motar daga hannunsa.

Ban ga adalci a ɗora laifin duka a kan masu wayarin ba. Yawancinsu a gaban oga suka koyi sana'a, shi kuma ogan ya koya ne a kan motocin da ba su da ƙwaƙwalwa. Littattafan gyara da Turanci suke, kuma mai mota ne da bakinsa ke cewa a yi masa dabara ya tafi. Abin da ya rage shi ne ilmi ya isa gareji, kuma a nan Wudil ba ta da uzuri. Garin yana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote a 2022, da tsangayar injiniya da ɗaliban lantarki da na ƙere-ƙere. Ina ganin ya dace a haɗa kai da ƙungiyar makanikai ta NATA a riƙa shirya bita ta kwana biyu, da Hausa, a cikin garejin kansa: yadda ake karanta lambar laifi, yadda ake auna waya da mita kafin a ce sensa ta mutu, da yadda ake matse haɗi. A buga takarda guda mai hoton launukan wayoyi na sensocin da suka fi yawa, a manna a bangon kowane gareji. Mu ma na sashen halittu da abokanmu na kimiyyar sinadarai akwai namu aikin. Na'urar auna kabon monoksaid ta hannu ba ta fi ƙarfin sashe ba, kuma ɗalibin ajin ƙarshe zai iya auna iskar tasha da bakin gada da safe da yamma, ranar kasuwa da sauran ranaku, a lokacin hunturu da iska mai sanyi ke danne hayaƙi kusa da ƙasa da kuma lokacin damina. Alƙaluma irin waɗannan ne za a iya ajiyewa a gaban jami'an duba lafiyar motoci a nemi su riƙa auna hayaƙi kamar yadda suke duba birki da fitila.

Kafin wannan ya tabbata, mai mota na iya yin nasa. Idan ya murɗa makulli kafin inji ya tashi, ya duba ko fitilar mai hoton inji ta kama sannan ta mutu bayan tashi. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko ya ƙone. Idan aka ce masa wayar sensa ta tsinke, ya tambaya a wane ɓangare ne, da me za a haɗa ta, kuma ya tsaya ya ga haɗin da idonsa kafin a rufe.